Jirgi Mai Faifai a Gadon Baya

Duk wanda ya taɓa ganin hotonsa da wuya ya manta da shi. Jirgin sama ne babba, ƙirar na fasinja, sai dai kusan babu taga a jikinsa. An kafa masa ƙafafu biyu a gadon baya, aka ɗora wani ƙaton faifai baƙi mai ratsin fari, yana juyawa a hankali. Faɗin faifan ya ɗan haura mita 9, kaurinsa a tsakiya ya kusa mita 2, kuma cikin daƙiƙa 10 yake kammala zagaye ɗaya. Jirgin ba ya ɗauke da bindiga, ba ya jefa bam, ko jirgin yaƙi mafi rauni zai iya kakkaɓo shi idan ya cim masa. Duk da haka, tun daga ƙarshen shekarun 1970 babu wani babban yaƙin sama da Amurka ta shiga ba tare da shi ba. Sunansa E-3 Sentry, amma duniya ta fi saninsa da AWACS, wato tsarin gargaɗi da ba da umarni daga sama.

Mun daɗe muna ɗaukar labarin wannan jirgi a matsayin labarin ƙarfe da injin. Da muka zauna muka bi tarihinsa, mu da sana'armu rubuta manhaja ce, sai muka tarar da abin da muka sani a wurin aiki. Hango abu daga nesa an warware matsalarsa tun 1945. Abin da ya ci shekara talatin, ya cinye dukiya, daga baya ya ci rayuka, shi ne tankaɗe: cikin tarin abin da na'ura ta hango, wanne za a nuna wa mutum, wanne za a zubar?

Na'urar da ke cikin faifan ita ce rada (ba raɗa ta kunne ba, ko da yake ita ma aikinta saurare ne). Tana jefa igiyar rediyo cikin sarari, igiyar ta daki wani abu ta dawo, kamar yadda mutum zai yi kira a gindin dutse ya ji amsa-kuwwa. Daga lokacin da amsar ta ɗauka ake lissafa nisa, daga inda eriya ta fuskanta ake gane shiyya. Ingila ce ta fara mayar da wannan dabara garkuwar ƙasa. A watan Fabrairun 1935 Robert Watson-Watt da abokin aikinsa suka nuna a kusa da garin Daventry cewa ana iya gano jirgin sama da igiyar rediyo, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama an jera dogayen hasumiyoyin rada a gabar gabas da kudancin ƙasar. Su ne suka riƙa faɗa wa Ingila ga jiragen Jamus nan tafe a 1940.

Sai dai rada tana da wani aibi da ba laifinta ba ne. Igiyarta kusan a miƙe take tafiya, ita kuwa duniya dunƙulalliya ce. Mutum da ke tsaye a fili ba ya hango ƙasa fiye da kilomita 5, bayan nan doron duniya ya lanƙwashe ya ɓoye sauran. Eriyar da ke kan jirgin ruwa, mita 30 sama da ruwa, iyakar ganinta a fuskar teku kilomita ashirin da 'yan kai ne. Jirgin da ya yi sama sosai za ta hango shi tun daga nesa, amma wanda ya sauko yana shafar ruwa ba za ta gan shi ba sai ya kusa. Matuƙa ba su daɗe ba suka gane haka.

Sojojin ruwan Amurka ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, a tekun Fasifik. Jiragen Japan sun riƙa zuwa ƙasa-ƙasa, kuma daga watan Oktoban 1944 aka fara hare-haren kamikaze, inda matuƙi ke faɗawa kan jirgin ruwa da jirginsa da ransa gaba ɗaya. Maganin da aka samu a lokacin shi ne a tura ƙananan jiragen ruwan yaƙi masu rada can gaba, nesa da ayari, su tsaya gadi su yi kururuwa idan sun hango wani abu. A yaƙin tsibirin Okinawa, a 1945, waɗannan 'yan gadi su ne abin da maharan ke fara cin karo da shi, don haka a kansu ake sauke fushi. Ranar 16 ga Afrilu jirage 22 suka taru a kan guda ɗaya mai suna Laffey. Shida suka faɗa masa, bama-bamai huɗu suka same shi, mutum 32 suka mutu, amma bai nutse ba. Wasu da dama ba su yi wannan sa'ar ba. Ana sayen gargaɗin 'yan mintoci da rayukan mutane.

Tun kafin Okinawa, a farkon 1944, rundunar ruwan ta ba ɗakin binciken rada na jami'ar MIT aikin ɗora rada a kan jirgin sama. Aka sa wa shirin suna Cadillac, sunan wani dutse a jihar Maine inda aka yi wasu gwaje-gwaje. Lissafin a fili yake: a tsawon mita 9,000 iyakar gani tana kusan kilomita 400. Suka ɗauki jirgin Avenger mai farfela ɗaya, suka cire makamansa, suka rataya masa rada mai suna APS-20 a ƙarƙashin ciki, ya fito kamar akuya mai tsohon ciki. Babu wurin zaman masu fassara hoto a cikinsa, saboda haka yana aika hoton radar ta rediyo zuwa jirgin ruwa, can ake dubawa a yanke shawara. Yana iya hango gungun jirage masu tafiya ƙasa-ƙasa daga fiye da kilomita 150. Yaƙin ya ƙare kafin a gwada shi a fagen fama. A kashi na biyu na shirin sai aka ɗauki babban jirgi, B-17, aka zuba masu kallon allo da masu ba da umarni a cikinsa. Daga nan siffar da muka sani yau ta samo asali: ido da baki a jirgi ɗaya. A riƙe sunan APS-20, za mu sake haɗuwa da ita a inda ba a zata ba.

Hawa sama ya kawar da matsala ɗaya ya haifi wata. Radar da ke ƙasa sama take kallo, kuma sama fili ce, duk abin da ya dawo da amsa jirgi ne ko gajimare. Radar da ke sama kuwa ƙasa take kallo, kuma komai na ƙasa yana dawo da amsa: duwatsu, bishiyoyi, rufin gidaje, gonaki. Amsar ƙasa ta ninka ta jirgi sau dubbai. Neman jirgi a cikinta kamar neman allura ne a cikin rumbun gero. A kan teku abin da sauƙi, domin ruwa mai lafawa yana watsar da yawancin igiyar gaba maimakon ya dawo da ita. A kan tudu kuwa allon fari fat yake zama.

Shi ya sa jiragen shekarun 1950 da 1960, irin su EC-121 Warning Star, masu gadin teku ne. Sun shafe shekaru suna kai-komo a saman Atilantika da Fasifik suna jiran jiragen Tarayyar Sobiyet da ba su taɓa zuwa ba. Da aka kai su yaƙin Biyetnam sai abin ya zama abin dariya mai ciwo. Don su hango jiragen MiG da ke tashi a kan tudu, dole suka riƙa saukowa dab da ruwan mashigin Tonkin, suna harba igiyar ta yadda za ta kauce wa amsar ƙasa. Jirgin da aka ƙera don ya yi sama ya koma shafar ruwa, na'urar sanyaya ɗakinsa da aka tsara don sanyin sama ta kasa, ma'aikata suna aiki cikin zafi kamar na gidan burodi.

Mafitar tana cikin wani abu da Christian Doppler ya bayyana tun 1842, wanda duk mai tsayawa a bakin titi ya sani ko bai san sunansa ba. Jiniyar motar asibiti tana da kaifi idan tana tahowa, da ta wuce sai muryarta ta yi ƙasa. Haka igiyar rada: idan ta daki abin da ke tahowa ko yake gudu, tana dawowa da ɗan canjin murya gwargwadon saurinsa. Dutse ba ya motsi, jirgi yana motsi, ke nan a saurari masu canjin murya a watsar da sauran. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace, shi kansa jirgin da ke ɗauke da radar gudu yake yi, don haka a wurinsa ƙasa ma motsi take, kuma saurin motsinta ya bambanta daga gaba zuwa gefe zuwa baya. Sai an cire wannan a lissafi, dubban sau a kowace daƙiƙa. Sannan sai an ƙera eriyar da ba ta yoyon igiya ta gefe, domin ɗan yoyon ma ya isa ya cika allo da shara. Ba a iya wannan ba sai da kwamfuta ta ƙanƙance ta shiga jirgi.

A 1970 aka ba kamfanin Boeing aikin, bisa gangar jikin jirginsa na fasinja 707. Kamfanoni biyu, Hughes da Westinghouse, suka yi gasar rada a 1972, Westinghouse ya ci. A watan Maris na 1977 E-3 na farko ya isa sansanin Tinker a jihar Oklahoma. Cikinsa akwai kwamfutar IBM, manhajarta an rubuta ta da wani yare mai suna JOVIAL wanda yau da wuya ka sami matashin da ya iya shi. Gaba ɗaya guda 68 aka ƙera: 34 na Amurka, 18 na ƙungiyar NATO, 7 na Birtaniya, 5 na Saudiyya, 4 na Faransa.

Abin lura shi ne, abin da ma'aikacin AWACS ke gani a allonsa ba hoton sama ba ne. Ragowar tankaɗe ne. Wani ya zauna ya yanke cewa duk abin da saurinsa bai kai kaza ba a zubar da shi, domin in ba haka ba motocin kan babbar hanya za su cika allon. Wani ya yanke sau nawa ɗigo zai bayyana kafin kwamfuta ta yarda jirgi ne ta ba shi lamba, da tsawon lokacin da zai ɓace kafin ta share shi. Kowace irin wannan shawara tana da ƙofar baya. Matuƙan yaƙi sun koyi cewa idan suka juya suka ratsa gaban radar a gicciye, ba tahowa ba, ba gudu ba, canjin muryar yakan yi ƙasa har rariya ta ɗauke su a matsayin ƙasa. Helikwafta kuwa, mai tafiya a hankali tana bin kwari, kullum a bakin rariyar take.

Jirgin bai daɗe ba ya zama kayan siyasa. Da gwamnatin Reagan ta so sayar wa Saudiyya guda biyar a 1981, cikin cinikin makamai na dala biliyan 8.5, Isra'ila da magoya bayanta suka tashi tsaye, domin jirgin da ke shawagi a arewacin Saudiyya zai iya ganin abin da ke tashi daga filayenta. Ranar 28 ga Oktoba majalisar dattawa ta bar cinikin ya wuce da ƙuri'a 52 da 48. Isra'ila ta san abin da take tsoro. A watan Yunin 1982, a saman kwarin Beka na Labanon, ƙananan jiragenta masu faifai, E-2C Hawkeye, suna cikin abin da ya sa take ganin jiragen Siriya tun suna barin ƙasa, kuma ta ce ta kakkaɓo fiye da 80 cikin 'yan kwanaki.

Har maƙwabtanmu abin ya taɓa. A watan Agustan 1983, lokacin da dakarun Goukouni Oueddei da jiragen Gaddafi suka matsa wa Hissène Habré a Faya-Largeau da ke arewacin Chadi, Amurka ta aika AWACS biyu da jiragen F-15 takwas zuwa Sudan. Faya ta faɗi duk da haka, Faransa ta shigo da sojojinta, kuma kafin watan ya ƙare aka janye jiragen. Ba su sauya komai a fagen yaƙin ba. Aika su saƙo ne ga Tarabulus cewa ana kallonta, kuma ƙila saƙo ne ga Faransa cewa ta motsa.

Labarin da ya fi taɓa mu a matsayin masu manhaja na Birtaniya ne. A 1977 ta yanke cewa ba za ta jira na NATO ba, za ta ƙera nata, don ta riƙe ayyuka da ƙwarewa a gida. Aka ɗauki jirgin sintirin teku Nimrod, aka kumbura masa hanci da wutsiya, aka sa eriya ɗaya gaba ɗaya baya, kowace ta share rabin sama. Tunanin ba wauta ba ne, domin ta haka gangar jirgin ba ta tare wa radar gani. Amma an raba aikin gida biyu, British Aerospace da jirgi, GEC da na'urori, babu wanda aka ɗora wa alhakin haɗa su su zama abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa aiki a inda ƙungiya biyu ke rubuta rabi-rabin manhaja ba tare da mai gida ɗaya ba ya san ƙarshen wannan labari tun kafin a ba shi.

Kwamfutar da aka zaɓa, GEC 4080M, ma'ajiyarta gaba ɗaya ba ta kai megabait 3 ba. Hoto ɗaya a wayar da kuke karanta wannan da ita ya fi haka nauyi. Ba ƙanƙantar ce laifin ba, kwamfutocin zamanin duk haka suke. Laifin shi ne an tsara ta don aikin kan teku, daga baya aka ce ta yi aikin kan tudu, rariyar kuwa ba ta tankaɗe da kyau. A gwaji sai ta riƙa kama motocin da ke kan hanya tana ba kowace lamba kamar jirgi, har ta cika ta shaƙe. Na'urorin suna fitar da zafi mai yawa, sai aka yi dabarar zuba zafin cikin man jirgin, wanda ke nufin idan mai ya ragu sosai dole a kashe su. An ruwaito cewa loda bayanan aiki daga kaset yana cin kusan awa biyu da rabi, alhali tsarin kan yi kusan awa biyu ne kafin wani abu ya lalace. A watan Disambar 1986, bayan an kashe kusan fam biliyan ɗaya, ministan tsaro George Younger ya soke shirin, Birtaniya ta sayi E-3 ɗin da ta ƙi tun farko.

Me ke gadin samanta duk tsawon wannan lokaci? Tsofaffin jiragen Shackleton masu farfela, jikokin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, ɗauke da APS-20 ɗin nan ta shirin Cadillac, waɗanda aka ciro daga jiragen sojan ruwa da suka yi ritaya. An sa su a 1972 a matsayin maganin wucin gadi. Sai 1991 suka sauka. Mu ma muna da irin wannan a sana'armu, 'yar gyaran da aka ce ta mako guda ce, shekara goma tana nan.

Su kuwa sojojin ruwan Birtaniya, tun 1978 suka rasa nasu idon, lokacin da aka ajiye babban jirgin dakon jirage Ark Royal tare da jiragen Gannet masu rada. Da yaƙin tsibiran Falkland ya tashi da Ajantina a 1982, sai suka koma dabarar Okinawa: tura jiragen ruwa gaba su yi gadi. Ranar 4 ga Mayu jirgin Sheffield yana wannan aiki. Wani tsohon jirgin sintirin Ajantina, Neptune, wanda radarsa ita ma zuriyar APS-20 ce, ya gano inda yake. Jiragen Super Étendard biyu suka taho suna shafar ruwa a ƙarƙashin iyakar gani, suka ɗaga kaɗan suka duba, suka saki makamai masu linzami na Exocet. Ɗaya ya same shi, mutum 20 suka mutu, jirgin ya ƙone daga baya ya nutse. Cikin mako 11 Birtaniya ta rataya rada a gefen helikwaftocin Sea King biyu. Kafin su isa yaƙin ya ƙare.

A yaƙin Tekun Fasha na 1991 AWACS ya kai ƙololuwar sunansa. Rundunar saman Amurka ta ce cikin jiragen Iraƙi 41 da aka kakkaɓo a sama, yana da hannu a 38. Aka fara magana a kansa kamar ido ne da ba ya kuskure. Shekara uku bayan nan, a ƙasar dai, aka ga iyakarsa.

Bayan yaƙin an hana jiragen Iraƙi tashi a arewacin ƙasar don kare Kurdawa, jiragen ƙawance suna sintiri daga sansanin Incirlik na Turkiyya. Safiyar 14 ga Afrilun 1994, helikwaftoci biyu na sojan ƙasan Amurka, ƙirar Black Hawk, suka tashi daga garin Zakho ɗauke da jami'an ƙawance da Kurdawa, za su Irbil. Sun kira AWACS da ke sama sun faɗi inda suka dosa, an amsa musu, an sa musu alamar 'yan gida a allo. Bayan kamar minti ashirin suka shiga tsakanin duwatsu, rada ta daina ganinsu. Kwamfuta ta ci gaba da jan alamarsu bisa hasashe, har wani ma'aikaci ya dakatar da ita, daga baya aka cire ta. Wata jami'a da ta lura da wurin ta aika wa shugaban masu ba da umarni wata kibiya mai ƙyaftawa a allonsa don ta ja hankalinsa. Bai amsa ba. Bayan daƙiƙa 60 kibiyar ta share kanta, domin haka aka rubuta manhajar.

Mun daɗe muna tunanin wannan 60 ɗin. Wanda ya rubuta ta ba mugu ba ne, kuma ba mu ce ya yi kuskure ba. Idan kibiyoyi ba sa share kansu, allo zai cika da su har su zama ba sa nufin komai, kamar saƙonnin da ke taruwa a saman wayoyinmu muna sharewa ba mu karanta ba. Dole a sa wata lamba. Shi dai ya sa 60, a wani ofis, shekaru kafin wannan safiya, bai san akwai kwari a Kurdistan da za a auna lambarsa a ciki ba.

Ana cikin haka jiragen F-15 biyu suka shigo, aikinsu su share yankin kafin sauran jirage su biyo. Takardar aikin ranar ba ta faɗa musu lokaci ko hanyar wata helikwafta ba, kuma a saninsu babu wanda ya isa ya riga su shiga. Radar na gaba ta kama wani abu ƙasa-ƙasa, ya faɗa wa AWACS, aka ce masa babu komai a nan. Ya tambayi abin ta na'urar tantance aboki da maƙiyi, wadda ke aika tambaya ta jira lambar sirri. Helikwaftocin suna amsawa da lambar 42, ta sararin Turkiyya, shi kuwa yana neman 52, ta cikin Iraƙi. Bincike ya nuna ba a taɓa faɗa wa matuƙan helikwafta cewa akwai wata lamba dabam ba, sun daɗe suna shiga da 42 babu wanda ya ce musu uffan. Hanya ta biyu ta tantancewa ta ba da amsar aboki na ɗan lokaci ta ɗauke, kuma har yau ba a tabbatar da dalili ba. Rediyon ma ba ɗaya ba ne: helikwaftocin suna kan wata tasha, F-15 suna kan wata.

Da matuƙin ya sake kira, AWACS ya ce masa e, akwai wani abu a wurin. Bai ce 'yan gida ba ne, alhali a wannan lokaci amsar 'yan gida tana bayyana tana ɓacewa a allunan jirgin, daidai inda ake magana. Na gaba ya sauko ya wuce su da gudu, ya ga tankunan mai a rataye a gefensu, ya ɗauka Mi-24 ne na Iraƙi. Wajen ƙarfe goma da rabi suka harbo su duka biyun. Mutum 26 suka mutu: Amurkawa 15, Kurdawa 5, Turkawa 3, 'yan Birtaniya 2, Bafaranshe 1.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jirgin ya hango su, ya yi magana da su, ya san sunansu. Abin da ya faru shi ne, a cikinsa babu wanda ya ɗauki helikwafta a matsayin aikinsa. Mai kula da hanyar shiga yana ganin sun wuce yankinsa, mai kula da yankin yana ganin jiragen yaƙi kaɗai aka ba shi. Shekara uku ana tafiya haka lafiya, helikwaftoci suna ɓacewa a duwatsu suna sake fitowa, har ɓacewarsu ta daina zama labari. Ke nan bayan rariyar kwamfuta akwai wata a cikin kawunan mutane, ita kuwa babu wanda ya rubuta ta balle a duba ta. Mutum ɗaya kaɗai aka gurfanar a kotun soja, Kyaftin Jim Wang, wanda aka aika wa kibiyar, kuma a watan Yunin 1995 aka wanke shi. A ganinmu wankewar daidai ce, ko da yake mun san iyalan mamatan ba za su ji daɗin cewa abu ya kashe mutum 26 kuma babu mai laifi ba.

Yau faifan yana kan hanyar ritaya. Sababbin jiragen, irin su E-7 Wedgetail da Ostireliya ta fara amfani da shi da Erieye na Suwidin, suna ɗauke da eriya mai kama da katako wadda ba ta juyawa, lantarki ne ke karkata igiyar duk inda ake so cikin ƙiftawar ido. Birtaniya ta ajiye E-3 ɗinta a 2021. Makamai masu linzami kuma sun yi nisan da jirgin ba shi da tabbacin tsira ko yana can baya: Yukren ta ce ta kakkaɓo A-50, takwaransa na Rasha, a saman tekun Azov a watan Janairun 2024, ta ƙara wani a Fabrairu.

A wannan yaƙin ne kuma tsohuwar matsalar ta dawo da sabuwar fuska. Jirage marasa matuƙa irin Shahed suna tafiya ƙasa-ƙasa, da saurin da bai wuce na mota mai gudu a babbar hanyar Jamus ba, ƙananan ma ba su kai haka ba. Su ne ainihin abin da aka shekara hamsin ana koya wa rariyar ta zubar. A watan Mayun 2024 Suwidin ta yi alkawarin ba Yukren jirage biyu masu radar Erieye, kuma cikin abin da ake so su hango har da irin waɗannan. Kafin su hango su sai wani ya buɗe manhaja ya rage lambar saurin, kuma da ya rage ta motocin kan hanya za su dawo allo, tare da garken tsuntsaye da fukafukan injinan iska.